Kujerar Mai Ɗaura Birki

Motar ta zo Garwa ne a cikin akwatunan katako. Hubert, babban ɗan abokina Eugène, shi ya aiko ta daga Dwala. Wani Bature ne ya sayo ta gunduwa-gunduwa daga ƙasarsu don ya haɗa da hannunsa, aikinsa ya ƙare kafin ya buɗe ko akwati ɗaya, ya tafi ya bar ta. Jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundere, babbar mota ta ƙaraso da ita ƙofar gidan Eugène a unguwar Yelwa. Babu inji a ciki. Ƙashin ƙarfe ne kawai, da jar gangar jiki marar nauyi wadda mutum biyu ke ɗagawa, da buhunan notika, da kujeru biyu. Biyu rak, ta direba da ta gefensa.

Ni ne Shu'aibu. Direban babbar mota ne ni a da, auduga nake ɗauka daga Tuboro da Pitowa, wani lokaci kaya har Kuseri. Eugène shi ne makanikina. Mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, gajere, mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri. Ya fi shekara talatin yana zaune a gefena ko yana kwance ƙarƙashin motata. In na tsaya salla shi ke gadin kaya. In Lahadi ta riske mu a hanya ni ke jiran sa a ƙofar coci. Yana kirana Shofer, wato direba, ina kiransa Ɗan Dutse, har muka yi furfura ba mu canja ba.

Ranar da aka fasa akwatunan ya zagaya su yana shafawa.

"Shofer, duk rayuwata ɓarnar wasu nake gyarawa. Ga mota yau wadda ba wanda ya riga ni lalata ta."

"Wannan ce mota?" na ce. "Gadon ƙarfe dai na gani. Ka sa masa katifa ka huta."

"Jikan masu goro, me ka sani? Kai dai a ba ka sitiyari ka riƙe kamar faifan tallan kakarka."

Inji muka samo daga wata tsohuwar Fijo da kaji ke ƙwai a cikinta a Pitowa. Damina biyu muka yi muna aiki a tsakar gidansa, ƙarƙashin darbejiya. In ce muna aiki, gaskiya shi ke aiki, ni miƙo sifana ne nawa da shan shayi da gardama. Idona ya yi yana, na kusa ina ganinsa sarai, na nesa kuwa inuwa ne. Tun da na ajiye tuƙi ban sake taɓa sitiyari a kan titi ba. Saboda haka tun farko an gama magana: 'yarsa Suzanne, malamar asibiti, wadda ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ita za ta ja motar a fitarta ta farko. Kujerar gefe kuwa ta Eugène ce.

Wannan kujera ba ta alfarma ba ce, dole in yi wa yaran yanzu bayani. A zamaninmu, mu masu bin hanyar Ngaundere, akwai gangaren da ya ci mutane da yawa, muna da ƙa'ida a kan birki. Makanikin da ya ɗaura birki, in ya gama, zai miƙe ya ce, "Na ɗaure." Daga wannan kalma ba mai sake sa sifana a bayansa. Direba ba ya leƙawa, mai mota ba ya tambaya. Shi kuma zai hau ya zauna a gaba, gefen direba, a fitar farko, wuyansa na tare da aikin hannunsa. In wani ya taɓa birkin bayan an ce an ɗaure, to ya ce wa makanikin nan ya ƙare ke nan, kuma kujera ta koma kan wanda hannunsa ne na ƙarshe. Ba a rubuta wannan ko'ina ba. Amma na ga Eugène da idona ya sauke wani ƙaton makaniki daga gaban mota a tashar Ngong, ya ce yaronsa da ya ƙara matse noti shi zai hau.

Da bazara muka kai ga birki. Zafin Garwa a wannan lokaci ba ya barin a yi aiki bayan hantsi, ƙarfe kansa ƙuna yake. Da sassafe nake zuwa, bayan na idar da wuridi.

Eugène ya fara da uwar birki, wadda makanikai ke kira masta, ya ɗaure ta a bayan feda. Ya ɗauko siraran bututun ƙarfe yana lanƙwasa su a kan gwiwarsa, a hankali, yana bin ƙashin motar da su har kowace taya. Bakin kowane bututu sai ya buɗa shi kamar furen kabewa don ya zauna daram. A baya ya sa ganga da takalmanta. A gaba faifai ne, da wani ƙarfe mai cizon faifan wanda yake kira etiriye, ɗaya dama, ɗaya hagu. Hannunsa bai tsufa ba. In kana kallon yatsun nan sai ka rantse saurayi ne.

Kansa ne ya fara barinsa.

Na daɗe ina gani ina kau da ido. Wata safiya mun nemi sifana mai lamba goma har muka gaji, Suzanne ta tsamo ta a cikin randa. Ya yi dariya, muka yi. Wata rana ya kira Suzanne da sunan marigayiya matarsa Françoise, ya ce ta kawo masa ruwa, yarinyar ta kawo ba ta gyara masa ba. Ya kan tambaye ni lafiyar matata Kaltumi, in amsa, a ɗan jima ya sake tambaya. Na ce a raina tsufa ne, ni ma ina shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni.

Sai aka zo fitar da iska. Wannan aiki na mutum biyu ne, kuma mu biyun mun yi shi a gefen kowace hanya ta arewa. Ana cika ƙoƙon masta da man birki. Ɗaya ya zauna a kujerar direba, ɗaya ya kwanta wajen taya, ya sa tiyo a kan ɗan notin iska, ɗayan bakin tiyon a cikin kwalba. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya taka feda sau uku ya danne. Na ƙasa ya kwance noti, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse. Ya ɗaure, sannan ya ce saki. Haka za a yi ta yi, taya bayan taya, har kumfa ta ƙare, feda ta yi tauri ƙarƙashin ƙafa kamar an taka dutse.

"Taka!"

Na taka.

"Riƙe!"

"Na riƙe."

"Ka riƙe ko kana gyangyaɗi? Ƙafar nan taka kamar ta amarya."

"Yi aikinka, Ɗan Dutse. Ƙafar nan ta sauko da tan talatin a gangaren Ngaundere kana barci baki buɗe."

Tayoyin baya suka yi. Na gaba suka ƙi. Muka yi, muka sake, gwangwanin mai ya ƙare muka buɗe wani. Feda tana nan laushi kamar an taka ɓawon ayaba. In ka buga ta da sauri sau da yawa sai ta ɗan taso, ka bar ta numfashi kaɗan ta koma ƙasa. Washegari haka. Wanshekare haka.

Ya shiga bayi wata safiya, ni kuma na sauko don in miƙe ƙafa. Na durƙusa wajen tayar gaba ta dama. Ban taɓa komai ba, kallo kawai na yi. Ɗan notin iska yana ƙasan etiriye, yana duban ƙasa. Na zagaya hagu, shi ma haka.

Ni ba makaniki ba ne, amma wanda ya yi shekara talatin yana kallon aiki ya san kamanninsa. Iska sama take hawa. Notin fitar da ita a sama yake zama. Eugène ya sa na dama a hagu, na hagu a dama. Suna shiga daidai, notikansu na ɗauruwa, ba abin da zai nuna maka sai wannan. Ko shekara za mu yi muna taka da saki, iskar tana nan a sama ta sami ɗaki. Shi da kansa ya taɓa marin wani yaron gareji a Figil a kan wannan kuskure.

Da ya dawo na ce, "Ɗan Dutse, wai notin nan na iska, a motocin Turawa a ƙasa yake zama ne?"

Ya dube ni, ya dubi tayar. Na ga idonsa ya tsaya a kan notin, ya wuce, kamar ya ga baƙon da bai sani ba.

"Yaushe ka fara leƙen ƙarƙashin mota?"

"Tambaya na yi."

"Tambayi sitiyari. Hau ka taka."

Na hau. Ya ce in buga da sauri, na buga, feda ta taso rabi. Ya zo ya danna da hannunsa kafin ta sauka.

"Ka ji? Ta yi. Sabon takalmi ne, sai ya ci hanya zai zauna." Ya goge hannu a wandonsa, ya miƙe, ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi a gaban masu mota. "Na ɗaure."

Na sauko daga kujera, idona na kan tayar.

"Ka kurumce ne? Na ce na ɗaure. Gobe Lahadi, in an tashi coci, Suzanne za ta kai ni kasuwar Pitowa. In sayo maka rake ka samu abin yi da sauran haƙoranka."

Hanyar Pitowa ranar kasuwa. Shanu na tsallakawa, 'yan moto masu haya da babur na fitowa ta ko'ina, manyan motoci ba sa kauce wa kowa. Yarinya a sitiyari, ubanta a gefe, a cikin abin da bai fi gwangwani kauri ba.

Na tare Suzanne da la'asar a ƙofar asibitinsu. Ta gan ni ta rusuna.

"Baba Shu'aibu, lafiya? Papa ne?"

Na gaya mata. Ta saurara tana murza igiyar jakarta. Da na gama ta ce, "An duba shi tun kafin Kirsimeti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, gaba zai yi ta yi. Ban gaya maka ba don ya hana ni. Ranar da ya gane, ya ce kowa ya ji ban da Shofer."

Na nemi wuri na zauna a kan dakali.

"Sai in ɓoye makulli," ta ce. "Ko in ce ba ni da lafiya. Ko in kira wani makaniki daga gari."

"Ki kawo baƙo ya sa hannu a birkin Eugène? Gara ki kai shi kasuwa ki tuɓe masa riga."

"To ka gaya masa gaskiya mana, Baba. Kai yana jin maganarka."

"Ya riga ya ce ya ɗaure."

"Wannan ai maganar da ce! Mutum nawa suka rage a Garwa da suka san ta?"

"Biyu," na ce. "Kuma ɗayan ubanki ne."

Wata mai tallan ƙosai ta zo ta tsaya a kanmu, ta ga fuskokinmu, ta wuce.

Ni na kawo shawarar. Gobe za ta kai shi coci kamar kullum. Ni zan shiga gidan in sauya ƙarafan nan biyu, aiki ne na notika kaɗan. In an fara waƙa za ta sulale ta dawo ta taka mini feda, ta koma kafin a tashi. Ya fito ya hau kujerarsa, birki ya kama, ya ce ai ya gaya mana. Ba wanda zai sani. Abin da nake so ke nan a duniya a wannan rana: Eugène ya zauna a kujerar nan, ya je Pitowa, ya dawo da ransa.

Kaltumi ta ga na ɗauki tsohuwar rigar aikina da safe, ta ce, "Malam, ina zuwa da wannan tsumma?" Na ce mata aiki. Ta bi ni da kallo har zaure.

Gidan shiru, sai kurciya a kan darbejiya. Na yi bisimilla na ɗaga gaban motar da jak, na cire tayoyin. Sifanarsa ce a hannuna, mai lamba goma sha bakwai, wadda gefenta ya lashe daidai wurin babban yatsansa. Na kwance na dama, na kwance na hagu, mai ya zubo mini har gwiwar hannu. Na sauya su. Notikan iska suka dubi sama. Na ɗaure bututu, na cika ƙoƙo, na sa tiyo a kwalba, na kwanta a kan tabarmarsa wajen tayar baya ta dama, don daga mafi nisa ake farawa. Ina jira.

Na ji ƙyauren gida ya yi ƙara. Na ji taku. Motar ta ɗan nutsa, an zauna a kujera.

"Kin yi sauri, 'yata," na ce. "Taka sau uku, a hankali, ki danne."

Feda ta sauka. Ta tashi. Ta sauka. Ba gaggawa, ba tsoro, kowane taku daidai da ɗan'uwansa. Wanda bai taɓa yi ba ba ya taka haka.

"Na riƙe."

Muryar Eugène ce.

Ina kwance ina kallon cikin motar, ƙasa na zubo mini a ido. Daga inda nake ina hango takalminsa na coci guda ɗaya, baƙi, an goge shi, a ajiye a ƙasa. Ya cire shi don ya ji feda da tafin ƙafa.

"Na ce na riƙe, Shofer. Ƙafata ba ta saurayi ba ce."

Me zan yi? Na kwance noti. Kumfa ta fito. Na ɗaure.

"Saki," na ce. Ban gane muryata ba.

Haka muka bi tayoyin nan huɗu. Shekara talatin ni ne a sama shi a ƙasa, ranar nan muka juya. Bai zage ni ba, bai yi mini ba'a ba. Taka, riƙe, na riƙe, saki. Da muka zo gaba, iskar da ta ƙi fita duk kwanakin nan ta fito da tusa kamar jaki, kwalba ta cika da kumfa, sannan mai ya biyo baya garau. A tayar ƙarshe na ji feda ta tsaya masa a sama.

"Dutse," in ji shi.

Na mayar da tayoyi, na sauke jak, na miƙe. Yana zaune cikin farar rigarsa ta Lahadi, hannuwansa a kan sitiyari.

"Ana cikin karatu na tuna," ya ce, bai dube ni ba. "Fada, limamin cocinmu, yana magana, sai na ga notin nan a gabana yana duban ƙasa. Na ce, Eugène, jaki, ka juya etiriye. Na tashi na fito ta ƙofar gefe. Duk hanya ina maimaitawa don kada ya gudu mini. Dama hagu, dama hagu. Mutane na gaishe ni ban amsa ba." Ya ɗan yi murmushi. "Na iso da shi, Shofer. Bai zube a hanya ba. Na buɗe ƙofa na ga ƙafafunka."

Na ajiye sifanar a kan tabarma.

Sai ga Suzanne a guje, ɗankwali a hannu, tana haki. "Papa! Na duba ko'ina, na je har bakin titi, na ɗauka..." Ta gan mu, ta ga kwalba, ta ga mai a hannuna. Ta tsaya.

Eugène ya fito daga motar, ya sa takalminsa, ya ɗaure igiyar a tsanake.

"Makaniki," ya ce da ni, "ba ka faɗa ba."

"Faɗin me?"

"Ka san abin da ake faɗa."

"Ɗan Dutse, bari wannan."

"Faɗi. Yarinya na jira, rana na yi."

Na ce, "Na ɗaure."

"To shiga."

Suzanne ta kama hannunsa. "Papa, don Allah. Motarka ce. Shekara biyu kana kanta. Ni na roƙi Baba, ni ce..."

"Ke ba ki san hanya ba, yi shiru. Hannunsa ne na ƙarshe."

Na ɗauko sifana na miƙa masa. "Ga ta. Ka taɓa noti ɗaya. Ko ba ka juya ba, ka ɗora kawai. Hannunka ya zama na ƙarshe, ka hau abinka. Ba mai gani sai mu."

Ya dubi sifanar, ya dube ni. Idonsa tas, babu hazo ko kaɗan, Eugène ne na tashar Ngong.

"Ni ban taɓa sa sifana a bayan wani ba," ya ce. "Ba a kanka zan fara ba."

Da ya zage ni da uwa da uba da ya fi mini sauƙi.

Shi ya buɗe mana ƙyauren gida, duka ɓangarorin biyu. Shi ya tsaya a titi ya tsayar da 'yan moto da hannu, yana yi wa Suzanne alama ta fito da baya. Maƙwabta suka fito, mata na guɗa, ana ta kiran sunansa. Wani ya ce, "Papa Eugène, ya kai ba ka hau ba?" Ya ce, "Mai birki ne ke hawa." Na shiga kujerar nan da rigar aiki mai mai, gwiwoyina a ƙirji, gindina kusa da ƙasa. Da muka ɗaga na waiwaya. Idona ba ya ganin nesa, farin abu kawai na gani a tsaye a tsakiyar titi, yana ƙanƙancewa.

Motar ta yi tafiya, ba zan ɓoye ba. Injin Fijon nan yana waƙa kamar bai taɓa ganin kaza ba. Iska na dukan fuska, yara na bin mu da ihu. Suzanne tana tuƙi tana share ido da kafaɗa. Kafin mu shiga Pitowa garken shanu ya faɗo titi daga bayan wata babbar mota, ba makiyayi a gaba. Ta taka. Motar ta tsaya cak, hancinta a gaban wani farin bijimi, har muna jin numfashinsa.

Ta kifa kai a kan sitiyari. Ni kuma na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, sannan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Bafulatanin mai shanun ya iso yana ba mu haƙuri, ya ga tsoho da gemu yana kuka a cikin jar mota kamar ta wasan yara, ya kora shanunsa ya wuce.

Ba mu shiga kasuwa ba. Da muka dawo mun tarar ya wanke sifanunsa duka da kananzir, ya jera su a kan buhu bisa girmansu, ya naɗe.

"Birkin ya kama?" ya tambaya.

"Ya kama."

"To madalla." Ya miƙo mini naɗin. "Na makaniki ne."

Ban karɓa ba. Ya ajiye a gabana ya shiga ɗaki.

Mutane sun yi ta ba ni magana daga baya. Wasu suka ce da na jira ya gyara da kansa. Hubert ya bugo waya daga Dwala yana godiya har na gaji na miƙa wa Kaltumi. Ni dai na san abin da na gani a hanyar Pitowa, kuma in aka mayar da ni safiyar nan zan sake kwanciya ƙarƙashin motar. Sai dai sanin haka bai taɓa sa na ji daɗin abinci ba.

Na ci gaba da zuwa kowace safiya. Muna shan shayi ƙarƙashin darbejiya, motar na gefe an rufe ta da tamfol. Wata rana ya san ni, wata rana ya karɓe ni da ladabi kamar baƙo, ya tambaye ni daga wane gari. Ba'ar ce ta fara tafiya. Na kan ce masa Ɗan Dutse don in ji ya rama, sai ya yi murmushi kawai. Sau da yawa Suzanne ta yaye tamfol ta ce, "Papa, zo mu zaga gari." Ya ce wata rana.

Da ruwa ya sauka ya fara fita ya ɓace. An taɓa tsinto shi a kan gadar Binuwai yana tambayar hanyar Mokolo. 'Ya'yansa suka yanke shawarar mayar da shi dutse wurin ƙanwarsa, inda kowa ya san shi, inda ba titi.

Ranar tafiya na zo da wuri. An kai kayansa tasha. Suzanne ta fito da jar motar ta tsayar a ƙofar gida, ta goge kujerar gefe da gyalenta. Ranar bai san sunan kowa ba, har ita. Ta ce mini a hankali, "Yau zai hau, Baba. Ya manta."

Na riƙo hannunsa muka fito. Ya tsaya a gaban motar, ya zagaya ta, ya shafa gefenta. Ya durƙusa da ƙyar wajen tayar gaba, ya leƙa, ya daɗe.

"Aiki mai kyau," ya ce. "Wa ya ɗaura birkin?"

"Kai," na ce.

Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Shofer."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga wa wani ɗan moto hannu. A bayan moto ya tafi tasha, yana riƙe da hularsa. Suzanne ta bi su a hankali cikin jar motar, kujerar gefenta ba kowa. Ta tsaya ta ce in shigo, na ce ta je, zan taho da ƙafa.